Jarka a Baya: Shirin Taka Larapinta Daga Cikin Kullen Melbon

Lahadi, 12 ga Yuli, 2020

Tun tsakar daren Laraba aka sake kulle birnin Melbon na Ostareliya saboda annobar korona, wai na mako shida. Abu huɗu ne kawai za su fitar da mutum daga gida: cefane, aiki ko karatun da ba zai yiwu a gida ba, jinya, sai motsa jiki. Gidajen motsa jikin da aka buɗe a ƙarshen Yuni an mayar musu da kwaɗo. Iyakar jiharmu ta Biktoriya da New South Wales ma a rufe take tun ranar 8 ga wata, abin da rabon da a gani tun annobar murar 1919.

Da haka tafiyar da ni da abokina muka ƙulla ta bana ta sha ruwa. Niyyarmu mu taka hanyar Larapinta da ƙafa, can tsakiyar Ostareliya, a ƙungurmin dajin da suke kira Outback. Tsawonta kilomita 223, an kasa ta kashi 12. Ta tashi daga tsohuwar tashar wayar tangaraho da ke gefen garin Alice Springs, ta bi duwatsun West MacDonnell ta yi yamma har ƙololuwar dutsen Sonder mai tsayin mita 1,380. Ƙasar mutanen Arrernte ce tun kaka da kakanni. Ba a cika taka ta ba sai a watannin sanyi, daga wajen Mayu zuwa Agusta, saboda da zafi ya shigo yakan haura digiri 40. A Janairun 2018 zafin ya kashe wani Ba'amurke ɗan yawon buɗe ido a hanyar dutsen Sonder ɗin.

Mun ɗage zuwa Yunin baɗi, in Allah ya kai mu. Azumi zai kama wajen tsakiyar Afrilu, a yi ƙaramar sallah tsakiyar Mayu, jiki ya samu 'yan makonni ya dawo, mu je mu dawo kafin babbar sallah.

Gudu ba ya cikin lissafina. Abin da nake nema shi ne in goya jaka mai kilo 18 in wuni da ita a kan dutse, in kwana, gari ya waye in sake ɗauka. Kuma babban rabon nauyin nan ruwa ne. Tanti ana samun marar nauyi in akwai kuɗi, haka tukunya, haka abin shimfiɗa, amma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce ko nawa ka mallaka. Akwai tankuna a mahaɗar kowane kashi, sai dai tsakaninsu da rata. Kashi na 9, daga Serpentine Chalet Dam zuwa Ormiston Gorge, kusan kilomita 29 ne babu ruwan da za a dogara da shi, kuma yawanci sai an kwana a hanya. Na sha, na girki, na karin kumallo da na tafiyar washegari, duk a bayanka.

Halin da nake ciki yau: tun Maris nake aiki a kan teburin cin abinci, tumbi ya fito, wandunan da tela ya ɗinka mini a Kano sun fara gardama. Na hau bene zuwa hawa na uku da ledojin cefane ina haki.

Lahadi, 19 ga Yuli

Kayan aiki sun haɗu. Jakar goyo ta hannu, mai cin lita 65, na saya a intanet dalar Ostareliya 120. Mai ita ya ajiye mini a bakin ƙofarsa, muka gaisa daga nesa. Jarkoki biyu masu lita 10, dala 30. Na naɗe jarkar da tsohon bargo don kada ta riƙa dukan ƙashin baya, na zuba lita 6.

Matsalar unguwarmu, Brunswick East, ita ce shimfiɗaɗɗiya ce. Tudun kirki mafi kusa shi ne Ruckers Hill a Northcote, sai kuma wanda ke filin All Nations Park, inda da ramin kamfanin bulo ne, ya koma juji, daga baya aka binne aka shuka ciyawa. Don haka tsarin mako shi ne: tafiya da jaka a bakin rafin Merri, hawa da sauka a ɗaya daga cikin tuddan nan, sai matakalar gidanmu da asuba. Zagayen Princes Park, kilomita 3.2, shi ne ma'aunina, duk Lahadi zan duba agogo a kansa.

Sanyi ya yi tsanani. Bayan sallar asuba hannu ba ya iya ɗaure igiyar jaka sai an hura masa iska.

Juma'a, 24 ga Yuli

Daga jiya takunkumi ya zama dole, tarar dala 200 ga wanda aka gani babu. An ɗauke wa mai gudu da mai tseren keke yayin da suke yi, ban da mai tafiya. Wato saurayin da ya wuce ni a guje da gajeren wando fuskarsa a buɗe, ni da nake hawa tudu da jarka a baya hancina a rufe. Kafin in kai sama ƙyallen ya jiƙe sharkaf, tabarau ya yi hazo. Yanzu biyu nake fita da su, in canja a tsakiya. Lita 8.

Juma'a, 31 ga Yuli, Babbar Sallah

Masallatai a rufe. A falo muka yi sallar idi ni da uwargida, kuɗin layya kuwa tun makon jiya na aika wa Yaya ya yanka a gida. Ba atisaye yau.

Da yamma na kira Inna. Ashe Yaya ya riga ya kai mata labarin jarka.

"Wai ruwa aka ɗauke muku a can, kake ɗibowa a baya?"

"A'a Inna, shirin tafiya nake yi. Wani daji za mu taka ni da abokina."

"Me ka ajiye a dajin?"

"Ganin ƙasa ne kawai, Inna."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kakanka da ya taka ta Sudan har Makka, ɗakin Allah ya je gani. To, Allah ya tsare. Ka dai riƙe addu'a, kuma kada ka ja 'yar mutane cikin wannan wahala."

Uwargida tana gefe tana dariya har da hawaye. Ta karɓi waya ta ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan je ba."

Litinin, 3 ga Agusta

Jiya Firimiyan jiharmu Daniel Andrews ya ƙara ɗaure igiya. Dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 5 na asuba. Ba a wuce kilomita 5 daga gida. Motsa jiki sau ɗaya a rana, sa'a ɗaya tak, kuma da mutum ɗaya kawai za ka iya fita. Tarar karya doka dala 1,652. Abokina yana Hoppers Crossing, can yamma, don haka sai dai waya.

Na buɗe taswira na zana da'irar. Royal Park na ciki, Princes Park na ciki, tuddan Northcote na ciki, har Dights Falls inda Merri ya faɗa kogin Yarra. Faɗin ƙasar bai dame ni ba, sa'a ɗayar ce matsala. Larapinta tafiyar wuni ce, sa'a shida zuwa takwas, ga shi an ba ni minti 60 har da zuwa da dawowa. Tunda ba halin ƙara lokaci, sai dai a ƙara nauyi da tsayi. Abin da ya rage kuma a biya shi a cikin gida.

Wani abu ya ƙara tsuke ni. An manna takarda a ƙofar shiga gidanmu cewa a daina atisaye a matakala, saboda wurin kowa ne kuma iska ba ta ratsa shi. Ba a ambaci suna ba, amma ni kaɗai ne mai yi, kuma maganarsu gaskiya ce. Na yi odar katako da ƙusa daga shagon kayan gini, tunda yanzu ba a shiga, sai dai ka biya a intanet ka je su miƙo maka a wurin ajiye mota. Dala 35. Na haɗa akwati mai tsayin santimita 30 na ajiye a baranda, na shimfiɗa masa tsohuwar darduma a ƙasa saboda maƙwabcin da ke ƙarƙashinmu. Hawa, sauka, hawa, sauka, da jaka a baya, ina sauraron labaran rana na sashen Hausa.

Lahadi, 9 ga Agusta

Ranar Laraba an sanar da mutum 725 sun kamu a rana ɗaya. Gari tsit. Lita 10, zagayen Princes Park ba tsayawa.

Alhamis, 20 ga Agusta

Yau da gangan na karkata sa'ata zuwa Royal Park. Akwai wani tarin duwatsu da aka gina a can, alamar inda ayarin Burke da Wills ya tashi ranar 20 ga Agusta, 1860, shekara 160 cif, da nufin ratsa nahiyar daga kudu zuwa arewa. Dubban mutanen Melbon sun fito rakiya. Suna da dawakai, da kekunan doki guda shida, da raƙuma sama da ashirin, yawancinsu an kawo su ta jirgin ruwa daga Karachi tare da masu kula da su, cikinsu har da wani Musulmi, Dost Mahomed.

Kayansu ya kai wajen tan 20. Har da teburin katako da kujeru, har da ƙararrawar tagulla ta ƙasar Sin. Keke ɗaya ya karye tun ba su fita daga filin ba. Tsakar dare ta same su a Essendon, wurin da yau jirgin ƙasa ke kai mutum cikin 'yan mintuna, can ma wasu biyu suka karye. Da suka isa Balranald dole suka fara zubar da kaya, kuma cikin abin da suka bari har da sukari da ruwan lemun tsami, maganin ciwon da rashin ɗanyen abinci ke kawowa. Mutum huɗu suka ƙarasa gaɓar Carpentaria a Fabrairun 1861, fadamar bakin teku ta hana su ganin tekun kansa. Uku suka dawo sansanin Cooper Creek ranar 21 ga Afrilu, suka tarar waɗanda suka jira su wata huɗu sun tashi a safiyar ranar. Burke da Wills suka mutu da yunwa a bakin ruwa, a ƙasar da mutanen Yandruwandha ke zaune suna cin kifi suna ƙoshi. Cikin ukun, John King kaɗai ya tsira, shi ma don mutanen nan sun ɗauke shi sun ciyar da shi.

Ana ba da labarin a nan a matsayin jarumta. Ni abin da nake gani a ciki shi ne mutanen da suka ɗauki abin da ba sa buƙata, suka yar da abin da suke buƙata, suka kuma raina masu ƙasa har sai da yunwa ta kai su ƙofarsu.

Na dawo gida na ari sikelin kicin na uwargida na auna duk abin da na tara. Tocilan ɗina mai manyan batura ya fita daga jeri. Buta ma ta fita, gorar ruwa mai ƙaramin baki za ta yi aikinta. Inda ruwa ya yi ƙaranci kuwa akwai taimama, ƙasa ba ta yankewa a can. Sallaya zan ɗauki ta aljihu, ta leda.

Lahadi, 30 ga Agusta

Gwiwar dama ta tsayar da ni. Tun tsakiyar mako take ɗan yi mini magana a ƙarƙashin ƙoƙon, musamman in ina gangarowa daga Ruckers Hill da lita 13. Ranar Juma'a a raka'ar farko ta la'asar na kasa durƙusawa, sai a kan kujera na ƙarasa. Ba kumburi, ba ƙara, amma saukowa daga bene sai da riƙe ƙarfe, ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Na ga likitar gashin ƙashi ta bidiyo, dala 85. Ta sa na jingina waya da bango, na tsaya da ƙafa ɗaya, na tsuguna a hankali tana kallo. Ta nuna mini yadda gwiwar ke faɗawa ciki duk lokacin da na sauka, ta ce naman ɗuwawu da na gefen ƙugu ne ba su da ƙarfi, gwiwa ce ke biyan bashinsu. Ta kuma ce hawa ba ya cika ɓata gwiwa, gangara da kaya ce ke yi, domin kowane taku sai cinya ta taka wa nauyin jiki da na jaka burki.

Abin da ta tsara: mako biyu ba jaka. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri ba laifi. Kwanciya a ɗaga ƙugu, tafiyar kaguwa da roba a ɗaure a cinya, zaman kujera a jikin bango, sai sauka daga akwati a hankali ƙwarai, ana ƙirga uku kafin diddige ya taɓa ƙasa. Akwatin ma ta ce ya yi tsayi a yanzu, in koma kan abu mai santimita 15. Manyan littattafai biyu sun samu aiki. Robobin dala 20.

Da ta ji ruwa nake ɗauka sai ta ce ai na huta: in hau da shi, in na kai sama in zubar, in sauko da jaka ba nauyi, har gwiwa ta yi ƙwari. Wanda ya cika jakarsa da yashi ko ƙarfe ba shi da wannan damar. Ta kuma ce in nemi sandunan tafiya guda biyu kafin in koma gangara.

Lahadi, 6 ga Satumba

An ƙara wa'adin kullen. Atisayen ƙugu kawai, gundura kamar me. Gwiwa ta fara barin sujada.

Laraba, 16 ga Satumba

Daga Litinin an mayar da lokacin fita sa'a biyu, hana fitar dare ta koma ƙarfe 9. Na koma jaka da lita 8. A saman tudun All Nations Park na juye ruwan a gindin wasu ƙananan bishiyoyi, wata tsohuwa da karenta ta tsaya tana yi mini godiya, a zatonta aikin sa kai nake yi. Na karɓi godiyar.

Sai ga sabuwar fitina. Yanzu ne lokacin ƙyanƙyasar tsuntsun magpie, wani baƙi da fari mai kama da hankaka, kuma namijin yakan kai wa duk wanda ya gifta kusa da sheƙarsa hari, daga baya, ba sallama. A bakin Merri na ji fuka-fuki a kunne, sai zafi a ƙeya. Ya ɗan fasa fatar, jini kaɗan. Na waiwaya ya koma reshe yana kallona, ina juya baya ya sake taho. Da jarka ba a gudu, sai na riƙa ja da baya ina fuskantarsa har na fita daga yankinsa, don ba ya cika kawo hari in ana kallonsa. Dokar ƙasa ta kare tsuntsun, ba a taɓa shi, kuma an tabbatar yana gane fuskar mutum. Na bar masa wannan gefen rafin har Nuwamba, na sayi malafa mai faɗi, wadda dama zan buƙata a can.

Litinin, 28 ga Satumba

An ɗage dokar hana fitar dare. Takalmin dutsen da na yi oda, dala 260, ya iso bayan dogon jira a gidan waya, ga shi ya matse yatsu. Ƙafa takan kumbura a doguwar tafiya, don haka sai da rata a gaba. Na mayar, sun ce canji zai ɗauki makonni. Kambas na ci gaba da aiki. Lita 11, sanduna dala 70.

Lahadi, 11 ga Oktoba

Makon abinci. Ba a ɗaukar guzurin mako biyu a baya. Ana kasa shi a robobi, masu mota su kai su ajiye a Standley Chasm, da Ellery Creek, da Ormiston Gorge, kana isowa kana ɗauka. Tsakanin ajiya da ajiya kwana uku zuwa biyar ne, kuma duk abin da za ka ci sai ya zama busasshe, ba ya lalacewa, ba ya shan ruwa da gas da yawa wajen dafawa.

Abincin 'yan hawan dutse da ake sayarwa a leda yana da tsada, ga binciken halal a kan kowace leda. Na ga ba dalili. Garin kwaki da sukari da madarar gari ba sa buƙatar wuta. Dabino da gyaɗa akwai su a shagunan Sydney Road. Kuskus minti biyar ne a ruwan zafi. Saura nama. Kilishin gida ba ya shigowa ƙasar nan, a filin jirgi ake ƙwace shi, don haka na sayi cinyar sa a wurin mahaucin halal, ya yanka mini fale-fale, na shanya a oban a wuta mafi ƙanƙanta da ƙofa a ɗan buɗe, na shafa laƙabin tunkuza da citta da kanumfari da barkono, na sake mayarwa. Kilo ɗaya na nama ya koma ƙasa da rabi. Gidan ya wuni yana ƙamshi. Uwargida ta ɗanɗana ta ce, "Ba laifi, amma kada ka kai wa mutanen Agadasawa su gani." Na ɗaure wani a leda na rubuta kwanan wata, in ga yadda zai yi bayan wata guda. Sauran bai kwana ba.

Asabar, 24 ga Oktoba

Tun Litinin da'ira ta koma kilomita 25, an kuma cire iyakar lokaci. Tawa da ta abokina sun haɗu a Brimbank Park, inda kogin Maribyrnong ya yanke kwari mai gangara. Rabona da shi tun Yuni. Shi keke ya riƙa tuƙawa a kullen, ya rame, numfashinsa ya fi nawa, amma da ya goya jakata mai lita 14 ya hau gangara ɗaya sai ya sauke ya ce, "Malam, wannan ai hukunci ne." Keke bai koya wa kafaɗa da ƙugu komai ba.

Mun zauna a kan ciyawa da taswira muna gardamar hanya. Shi yana son mota: Melbon zuwa Adelaide kilomita 730, daga nan zuwa Alice Springs wajen 1,500 ta babban titin Stuart, a kwana a Coober Pedy, garin masu haƙar dutsen opal da ke zaune a gidajen ƙarƙashin ƙasa saboda zafi. Abin da ya fi ja masa rai shi ne mu ratse ta Marree, inda masu raƙuman da ake kira Afghan suka gina masallacin farko a ƙasar nan a ƙarni na 19, na laka da rufin ciyawa. Kafin jirgin ƙasa ya isa Alice Springs a 1929, raƙumansu ne ke kai gari da shayi da waya tsakiyar nahiyar, kuma sunansu jirgin ƙasan nan mai suna Ghan ya gada. Da mota ta karɓe aikin sai aka saki raƙuman, jikokinsu ne dubban ɗaruruwan da ke yawo a dajin yanzu.

Ni ma ina son in yi sallah a Marree. Sai dai daga can hanyar Oodnadatta ce, kilomita 600 da ɗoriya na tsakuwa, motarsa kuwa ƙarama ce ta zuwa ofis. Ga kwana uku zuwa, uku dawowa daga hutun da bai fi mako uku ba, ga iyakar jiha biyu maimakon ɗaya, a shekarar da ake rufe iyaka da sanarwar yini guda. Na ce jirgi. Bai yarda ba tukuna.

Laraba, 28 ga Oktoba

Shaguna sun buɗe, kulle ya ƙare bayan kwana 112. Ranar Litinin ba a samu ko mutum ɗaya da ya kamu ba. Na je da ƙafata na gwada takalmi da safa mai kauri, na karɓi wanda ya fi lambata da ɗaya.

Lahadi, 15 ga Nuwamba

An cire shingen da ya raba Melbon da sauran jihar tun ranar 9. Jiya muka je Werribee Gorge, kusa da Bacchus Marsh, zagayen kilomita 10 a kan dutse na gaske, kowa da jaka. Tawa kilo 17.

Numfashi lafiya. Gwiwa lafiya, da taimakon sanduna. Abin da ya ba ni kashi shi ne idon sawu da tafin ƙafa. Wata huɗu ina taka kwalta da ciyawa da katako, wurare masu faɗi da ke karɓar ƙafa yadda ta zo. A nan kowane dutse da yadda ya kwanta, wani ya motsa, wani ya karkata, ido ba ya barin ƙasa. Akwai inda hanya ta manne da bango a saman kogi, sai ka riƙe wayar ƙarfen da aka kafa a dutse ka bi a gicciye. Nan jarkar ta nuna halinta: da yake ba a cike take ba, ruwan ya riƙa kai-kawo, in na karkata hagu ya bi ni da ƙarfi. Sau ɗaya ya kusa juya ni, na ƙanƙame wayar har ta yi mini shaida a tafin hannu. A Princes Park ina cin kilomita 5 a sa'a. Jiya da ƙyar muka haura 2.

Wannan ya canja lissafin ruwa. Kashin da na ɗauka na sa'a biyar zai iya cin tara, kuma shawarar da masu kula da gandun Uluru ke bai wa masu tafiya lokacin zafi ita ce lita ɗaya kowace sa'a. A watan Yuni ba za a sha haka ba, amma na ɗaga abin da zan ɗauka a kashin da ba tanki daga lita 6 zuwa 8. Wato jakar ranar za ta kai kilo 20, sai dai in an rage wani abu. Duwatsun Larapinta kuma sun fi waɗannan kaifi, an san su da cinye takalmi, musamman kashi na 4 da na 5, ta Brinkley Bluff da Razorback Ridge.

Sakamako: bororo biyu a diddigen hagu, farcen babban yatsa ya yi baƙi, ƙuda sun sha romon fuskata. Jarka ta yi ritaya. Zan koma jakunkunan ruwa masu laushi, waɗanda ake matse iskarsu, a raba su uku a jikin jaka. Na ƙara tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan matashi kullum, ido a rufe.

Asabar, 5 ga Disamba

Gardamar mota ta mutu da kanta. A tsakiyar Nuwamba cutar ta ɓulla a Adelaide, aka kulle jihar South Australia baki ɗaya na 'yan kwanaki, maƙwabta suka rufe mata ƙofa. Abokina ya turo saƙo: "Malam, ka yi gaskiya, a nemi jirgi." Marree sai wata shekara.

Tun 30 ga Nuwamba yankin Northern Territory, inda Larapinta take, ya buɗe wa mutanen Melbon ba tare da killacewa ba. Kafin nan duk wanda ya je sai ya yi mako biyu a tsare, ya kuma biya dala 2,500 daga aljihunsa. Wannan kuɗin na ware shi gefe ban taɓa ba, don dokar na iya dawowa muna sama. Tikiti kuma mai yarda a canja rana za mu saya, ko ya fi tsada.

Abin da ya fita zuwa yanzu ya kai wajen dala 700, har da likita. Saura manya: buhun barci mai jure sanyin ƙasa da sifiri, tunda daren Yuni a can ruwa kan daskare a gora, wajen dala 350. Na'urar neman agaji ta tauraron ɗan'adam, wajen 330, mu raba biyu, a yi mata rajista da hukumar ceto ta ƙasa, domin yawancin hanyar babu sabis. Sai ƙwayoyin tace ruwa, ragar fuska saboda ƙuda, da kuɗin masu kai ajiyar abinci su kuma ɗauko mu daga Redbank Gorge. Mun tsayar da kwana 16 a kan hanya maimakon 14, mu raba dogayen kashin biyu.

Kilishin da na ɗaure a Oktoba na buɗe: bai yi fumfuna ba, sai dai man gyaɗar ya fara sauya ɗanɗano. Na gaba zan rage tunkuza, in busar da shi sosai, in yi shi ana saura mako guda tafiya.

Zafi ya shigo, don haka fita ta koma bayan asuba. Kowace Asabar dutse, You Yangs ko Werribee Gorge. A ƙarshen wata za mu kwana biyu a duwatsun Grampians da cikakkun kaya, mu gwada tanti da murhu da lita 8 ɗin. Ranar Litinin zan kai takalmin hagu a buɗa mini diddigensa.